Tarihin Rarrabe Ƙaguwar Koguna: Jinsin Sudanonautes

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda masana suka rarrabe ƙaguwar koguna da fadamu. Ga masuncin Tozai, ko na Isa da Sabon Birni inda Bunsuru da Gagare ke malala zuwa Gulbin Rima, ƙaguwa dai ƙaguwa ce. Masana kuwa sun shafe fiye da shekara ɗari suna sauya mata suna.

Zamanin duban ƙoƙo

A 1853 Henri Milne Edwards, masani a Faransa, ya bayyana wata ƙaguwar Afirka da sunan Thelphusa aubryi. Shi da waɗanda suka biyo bayansa sun dogara ne ga abin da ido ke gani a waje, watau faɗin ƙoƙon baya, da haƙoran gefensa, da girman ƙafafun nan biyu masu kama da awartaki. Illar wannan hanya ita ce, siffofin suna sauyawa yayin da ƙaguwa ke girma, har akan ɗauki ƙarama da babba a matsayin iri biyu.

Zamanin duban gaɓar namiji

A 1955 Richard Bott, Bajamushe, ya kafa rabonsa a kan wasu siraran gaɓoɓin barbara da ke ɓoye a ƙarƙashin cikin namiji, domin lanƙwasarsu ta bambanta daga iri zuwa iri. Bisa ga haka ya ware jinsin Sudanonautes. 

Sai dai Bott ya ɗauki ƙaguwar ƙasashen fari, wadda Balss ya raɗa wa suna monodi a 1929, a matsayin reshen aubryi kawai. Neil Cumberlidge ya nazarci numfashinta a 1986, ya nuna cewa tana shaƙar iska a tudu, abin da ke taimakonta zama cikin rami lokacin rani. A littafinsa na 1999 kan ƙaguwar Afirka ta Yamma, monodi iri ce mai zaman kanta.

Kammalawa

Kada a ɗauka wannan gardamar suna ce kurum. Lokacin yaƙin basasar Nijeriya, 1967 zuwa 1970, yunwa ta sa mutane a gabashin ƙasar suka riƙa cin ƙaguwar da ba ta dahu ba. Da yawa suka kamu da tsutsar huhu mai sa tari da jini, wadda akan ɗauka tarin fuka ne. Ƙaguwar jinsin Sudanonautes ce ke ɗauke da tsutsar. Likita ba zai san inda haɗari yake ba sai an tantance masa irin da ke kowane kogi.

Saboda haka muna kira ga jami'o'inmu, musamman ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da su tattara ƙaguwar fadamun Rima tare da taimakon masunta, a rubuta sunan da masana suka ba kowace iri, da abin da masunta suka sani game da ita.