Daga Zauren Fatoma Zuwa Ciki da Falo: Yadda Haya Ta Shigo Birnin Ƙonni

A zamanin fatake, baƙon da ya sauka Ƙonni da jakunansa ba ya tambayar nawa ne ɗaki. Fatoma yake nema. Shi zai ba shi zaure, ya sa a kai masa tuwo da daddare, ya adana masa kaya, ya nemo masu saye. In ciniki ya faɗa sai a cire masa la'ada. Makwanci kyauta ne a baki, amma kowa ya san kuɗinsa na cikin cinikin. Karɓar kuɗin wata daga hannun baƙo kuwa abin kunya ne.

A watan Mayun 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta afka wa garin, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Bayan haka Faransa da Ingila suka yi ta ja-in-ja kan iyaka, har yarjejeniyar 1906 ta bar Ƙonni a hannun Faransawa, Sakkwato a hannun Ingilishi. Garin da ke kallon Sakkwato ya wayi gari a bakin iyaka, kuma wannan layin ne uban duk wata haya da ake biya yau.

Iyaka kan jawo irin mutanenta: ɗan duwan, jandarma, akawu, malamin lakwal, malamin asibiti. Waɗannan ba kwana bakwai za su yi su wuce ba, ba su kuma zo da hajar da za a ci la'adarta ba. Albashi gare su, wata-wata. Sai ɗaki ma ya koma wata-wata. Daga baya kwalta ta haɗa Yamai da Damagaram ta Ƙonni, wani reshen ya rabu a Tsarnawa ya nufi Tahoua, gidan siminti na Malbaza ya kama aiki a shekarun 1960, albasar Galmi ta yi suna har Abijan, aka kuma buɗe gandun noman rani na Ƙonni. Kowane ya zo da baƙinsa.

Masu kuɗin gini ma sun samu. 'Yan Adar, musamman na wajen Illela ta Nijar (kada a haɗa ta da Illela ta jihar Sakkwato, wadda ke ƙetaren iyaka), sun daɗe suna ci-rani a Abijan da Libiya. Wanda ya tara 'yan kuɗi ya gane cewa saniya fari na iya cinye ta, bulo kuwa yana nan. Shi ya sa za ka shiga gida ka ga dogon layin ƙofofin ƙarfe, kowace ciki da falo, famfo ɗaya a tsakar gida, makewayi ɗaya a lungu, igiyar shanya ta ratsa daga bango zuwa bango. Mitar wutar lantarki ta Nigelec ɗaya ce tal, saboda haka ƙarshen wata sai an zauna ƙidayar ƙwan fitila da fanka, a yi ta musu kan wanda ya ɓoye dutsen guga. Fatoma ya ɓace, dillalin gidaje ya gaje shi. La'adar dai tana nan, sai dai yanzu daga aljihun baƙon take fita, bayan kuɗin watannin da za a ce ya ajiye tun bai ga makulli ba.

A ganina, wanda ke son sanin halin haya a Ƙonni ya dubi shingen iyaka kafin ya dubi ɗaki. Nijeriya ta rufe shi a Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. Ɗan canji da ɗan kabu-kabu da mai sito duk suka ji a jikinsu, bashin haya ya taru, aka koma ban-baki tsakanin mai gida da ɗan haya. Ma'aikacin gwamnati mai albashin sefa shi ne ya zama ɗan lele.

Malbaza kuwa, da aka mai da ita gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ita ma ta fara ganin irin baƙin da Ƙonni ta gani shekara ɗari da suka wuce, kowa da takardar canjin wurin aiki a hannu yana cigiyar dillali.