Kadinal John Onaiyekan: Masanin Littafi Mai Tsarki Daga Kabba

John Olorunfemi Onaiyekan malamin tauhidi ne na ɗarikar Katolika, masanin Tsohon Alkawari. An haife shi ranar 29 ga Janairu, 1944, a Kabba, wadda a lokacin tana cikin Lardin Arewa, yau kuma tana Jihar Kogi. Ya yi sakandare a Aliade ta ƙasar Binuwai, ya shiga makarantar horar da firistoci ta Bodija a Ibadan, sannan ya wuce Roma. An keɓe shi firist a 1969. Ya koma Roma ya zurfafa a nazarin Littafi Mai Tsarki, ya sami digirin digirgir a 1976.

Binciken digirin nan shi ne abin da ya fi shafar mu. Ya ɗauki aikin firistoci a Isra'ila kafin zamanin sarakuna, ya kwatanta shi da na firistocin gargajiya na mutanensa, wato Owe, Yarabawan Kabba. Zamanin da ya zaɓa babu Haikali tukuna. Lokacin Eli ne a Shilo, lokacin Mika da ya ɗauki wani Balawe haya ya zama firist na gidansa, kamar yadda Littafin Mahukunta sura 17 ya nuna. Wanda ya tashi a ƙasar Matazu, Malumfashi ko Funtuwa ba zai ji wannan baƙo ba. Da yawa daga cikinmu jikokin Maguzawa ne, kakanninmu sun san mai gida yana yanka wa iskoki kaza ko akuya kafin shuka. Tambayar da ke damun ikkilisiyoyinmu ita ce: duk abin da suka sani game da hadaya da tsarki sai a zubar, ko akwai abin da zai taimaka mana mu gane Nassi? Hanyar Onaiyekan ita ce a ajiye biyun gefe da gefe a duba da kyau. A ganinmu hanyar tana da amfani, muddin Nassi ne ke auna al'ada. Mai wa'azi da ya san yadda kakanninsa suka ɗauki jinin hadaya zai fi iya bayyana wa manomi Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa.

Ya koyar a Bodija, daga 1980 zuwa 1985 kuma yana cikin kwamitin masana tauhidi na duniya da ke ba fadar Paparoma shawara. Paparoma John Paul na Biyu ya keɓe shi bishop a Janairun 1983. Ya riƙe Ilori, aka kai shi Abuja a 1990, ya zama Babban Bishop na Abuja a 1994.

Yawancinmu mun san shi ne ta Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, wadda ya shugabanta daga 2007 zuwa 2010. A wannan matsayi ya jagoranci majalisar addinai ta ƙasa, NIREC, tare da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Da hare-haren Boko Haram suka tsananta a kan majami'u, ya ƙi goyon bayan ramuwa, ya ci gaba da zama da shugabannin Musulmi. Wasu Kirista sun ga ya cika sassauci. Mu da muke cin kasuwa ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, wani lokaci ma tsatso ɗaya muke, mun san ramuwa a kanmu za ta fara faɗowa. Ƙungiyar Pax Christi ta ba shi lambar zaman lafiya a 2012.

Akwai inda muka bambanta da ɗarikarsa, kamar ikon Paparoma, matsayin Maryamu, da yawan littattafai: su 73, mu 66. Ɗalibi ya riƙe wannan a zuciya idan yana karanta shi.

Paparoma Benedict na 16 ya naɗa shi kadinal ranar 24 ga Nuwamba, 2012, yana kuma cikin waɗanda suka zaɓi Paparoma Francis a 2013. Ya yi ritaya a Nuwamban 2019, Ignatius Kaigama ya gaje shi a Abuja.