Saje ya tafi

Jiya da daddare aka kira ni daga gida, aka ce Allah ya yi wa malaminmu na motsa jiki rasuwa, wanda duk muke kira Saje.

Yana cikin samarin da aka ɗiba soja a 1967. Kafin yaƙin basasa sojojin Najeriya 10,000 ne da 'yan kai, amma da aka gama a Janairun 1970 sun kai wajen 250,000. Ina za a kai wannan taro? Aka yi ta rage su. Shi sai ya dace da shirin UPE na 1976, ana neman malamai ido rufe, ya shiga kwalejin horon malamai.

Judon da ya koya a bariki shi yake koya mana bayan la'asar, kan tsofaffin katifu. Wata uku muna koyon faɗuwa kawai, wallahi har muka fara guna-guni.

Sau ɗaya na tambaye shi labarin yaƙi, ya ce in je in ɗauko katifa. Da na girma kullum ina cewa zan je in naɗi labarinsa, ban je ba.

Allah ya jiƙan Saje, ya kyautata makwancinsa.