Daga Majigi Zuwa Sharaɗa

Mu masu rubuta wasan kwaikwayon faɗakarwa a Kano, majigi ne kakanmu. Tun zamanin Turawa mota ke shiga ƙauye, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci, bayan isha'i a haska fim kan tsafta ko noma, mai bayani yana bi da lasifika. Har yau dattawa na tuna fim ɗin Baban Larai. Daga baya su Samanja da Karambana suka nuna mana cewa Bahaushe yana karɓar gyara in an fara sa shi dariya.

Rikicin shan inna ne ya ɗora wa sana'ar nauyin da take ɗauke da shi yanzu. A 2003 Kano ta dakatar da ɗigon rigakafi, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004. Jama'a ba su manta gwajin maganin Trovan lokacin sanƙarau na 1996 ba, don haka sanarwar hukuma ba ta shiga kunne. Sai aka nemi masu labari. A 2006 aka fara Gugar Goge, wasan rediyo kan yoyon fitsari, Ruwan Dare ya biyo baya daga 2007 zuwa 2009. A 2008 majigin kansa ya dawo ƙauyukan Gezawa da fim kan shan inna. BBC Media Action ta kawo wasan Madubi, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta zo da wasan Daɗin Kowa.

A wannan zangon muka koyi aiki na gaskiya. Tsarin rubuta wasa na Miguel Sabido na Meziko ya ba mu mutum uku: na kirki, mai taurin kai, da na tsakiya mai kai-kawo, wanda shi ne mai sauraro ke ganin kansa a ciki. Amma sauran a gida muka gano shi. In uwar miji ta hana a kai mai naƙuda asibiti, dole a ba ta hujjar da ita kanta ta yarda da ita, wataƙila kunya, wataƙila wata gawa da ta taɓa karɓowa daga can. In likita ya daɗe yana magana, matan da aka tara su saurari gwaji za su ce an koma lacca, kuma gaskiyarsu. Ƙarar taɓarya a turmi da sallama daga zaure kan riƙe mai sauraro fiye da dogon bayani.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jigon da muka tsallake. Freedom Radio ta kafu a 2003 a tsakiyar kamfanonin Sharaɗa. Duk wanda ya je ɗaukar murya a unguwar ya shaƙi warin majemu, ya ga kwata da ruwa mai launi. Dagwalon Sharaɗa da Chalawa yana gangarawa kogin Chalawa, na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, 'yan lambu kuma na ban-ruwan latas da kabeji da shi, da sinadarin kuromiyam ɗin jima a ciki. Masu ba da tallafi sukan zo da jigonsu a rubuce: haihuwa, rigakafi, tazarar iyali. Ba a taɓa ba ni aikin rubuta leburan da ke tsoma hannu a kwamin jima ba safar hannu, yana tari ya ɓoye don kada a sallame shi. Ga shi kuwa mutanen ukun nan duk suna wurin: leburan, da matarsa mai sayen latas ɗin, da mai kamfanin da kuɗin dizal ya sha masa kai.