Tarihin Aikin Yanar Ido

Yanar ido ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke makantar da mutane a duniya, aikinta kuma yana cikin tsofaffin ayyukan fiɗa da aka sani. A bayan ɗan baƙin da ke tsakiyar ido akwai wani madubi na halitta, garai-garai, faɗinsa bai wuce milimita 10 ba, wanda ke tattara haske ya aika shi can ƙuryar ido inda jijiyoyin gani suke. Idan shekaru suka ja, ko ciwon suga ya daɗe a jiki, ko aka bugu a ido, sai madubin ya soma dushewa kamar yadda farin ƙwai ke rikiɗa idan ya ji wuta. Mutum ya fara ganin hazo-hazo, fitilar mota ta riƙa kashe masa ido da dare, daga ƙarshe ba ya bambance komai sai haske da duhu.

Likitocin farko ba su san cewa madubin ne da kansa ya lalace ba. A ganinsu wani gurɓataccen ruwa ne ke gangarowa ya daskare a gaban madubin. Shi ya sa likitocin Larabawa suka kira ciwon saukar ruwa, masu fassara littattafansu zuwa Latin kuma suka ɗauki kalmar da ke nufin gangarowar ruwa daga tudu, wadda ta zama katarak a bakin likitocin yau.

A kan wannan fahimta aka gina hanyar magani ta farko, wato kwantar da yana. Littafin Sushruta na tsohuwar Indiya ya bayyana ta, haka ma Celsus na Rum a ƙarni na 1 miladiyya. Akan zaunar da majiyyaci yana fuskantar haske, wani ya riƙe masa kai ta baya, a rufe ido mai lafiya. Sai mai aikin ya soka allura ta gefen farin ido, ya danna abin da ya yi fari har ya faɗa ƙasan ƙwayar ido. Nan take haske kan shiga, mutum ya ga yatsun da aka ɗaga masa, 'yan kallo su ɗauki kabbara ko tafi. Abin da mai allurar ya ture kuwa madubin ne ɗungurungum, don haka ganin da ya dawo dishi-dishi ne. Bayan kwanaki kuma kumburi, ko ƙwayoyin cuta, ko hawan jinin ido kan biyo baya, a lokacin mai aikin ya daɗe da barin gari.

Wajen shekara ta 1000, Ammar bin Ali al-Mausili, mutumin Mosul da ya yi aiki a Masar, ya ƙera allura mai rami a ciki, yana zuƙo yana mai taushi da ita. Tunanin fitar da abin waje gaba ɗaya ya riga zamaninsa nesa ba kusa ba, amma dabarar ba ta cin yana mai tauri irin ta tsofaffi, saboda haka kwantarwa ta ci gaba da cin kasuwarta ƙarni bayan ƙarni. Ko a 1750, wani Bature mai yawon aikin ido, John Taylor, ya yi wa mawaƙin Jamus Johann Sebastian Bach aiki sau biyu a Leipzig. Bach ya makance, ya rasu a watan Yulin shekarar.

Lamarin ya sauya ne bayan an gano ainihin ciwon. A 1705 Michel Brisseau ya nuna a Faransa, ta hanyar binciken idon gawa, cewa yana madubin ne da ya dushe. A 1747 Jacques Daviel ya tsaga gefen baƙin ido ya fito da madubin waje, ya kuma gabatar da hanyarsa ga majalisar likitocin fiɗa ta Paris a 1752. Tsagar tana da faɗi, ba ɗinki, ba maganin kashe zafi, majiyyaci kuma sai ya kwanta kwana da kwanaki ba motsi. Sauƙi ya zo a ƙarni na 19: Albrecht von Graefe na Berlin ya gyara wuƙar da salon tsagar, Joseph Lister ya koyar da kashe ƙwayoyin cuta a wurin fiɗa, sannan a 1884 Carl Koller ya nuna a Viyana cewa ɗigon koken yana kashe zafin ido.

Duk da haka da sauran rina a kaba. Madubin halitta shi ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin tattara hasken ido, wanda aka cire masa kuwa dole ya sa tabarau mai kauri, mai ƙarfin diyofta 10 ko fiye a ma'aunin tabarau. Irin wannan tabarau yana ƙara wa abubuwa girma, yana karkatar da gefe, in ya faɗi ya fashe kuma mai shi ya koma gidan jiya.

Wanda ya warware wannan shi ne Harold Ridley, likitan ido ɗan Ingila. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tura shi ƙasar da ake kira Ghana a yau, inda ya yi bincike a arewacinta kan makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa. Ya kuma lura da wani abu a idanun matuƙan jiragen yaƙin Ingila: ɓarɓashin robar Perspex ta murfin jirgi kan zauna a cikin ido ba tare da jiki ya yi faɗa da shi ba. Da irin wannan roba aka ƙera masa madubin dasawa a ido, ya yi aikin farko ranar 29 ga Nuwamba 1949 a asibitin St Thomas da ke Landan. Manyan likitocin ƙasarsa sun yi masa ca, kuma ba a rasa dalili ba, domin madubansa na farko suna da nauyi, wasu kan goce daga mazauninsu. Sai a 1981 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da madubin dashe, Ridley kuma bai sami lambar girma ta Sir ba sai a 2000, yana da shekara fiye da 90.

A 1967 Charles Kelman na New York ya fito da na'urar da ke farfasa yana da girgizar sauti ta zuƙe ta, bayan ya ga irin kayan da likitan haƙori ke kankare haƙora da su. Likitoci na kiran hanyar fako a taƙaice. Da aka samu madubi mai naɗuwa a shekarun 1980, tsagar ta koma milimita 2 zuwa 3, galibi ba ɗinki, mutum ya koma gida a ranar.

Saura tsada, kuma a nan ƙasashe masu tasowa ne suka yi abin a yaba. Asibitin Aravind, wanda Govindappa Venkataswamy ya kafa a Madurai ta Indiya a 1976, ya buɗe masana'antar madubi a 1992, gidauniyar Fred Hollows ta kafa irinta a Eritiriya da Nepal, farashin madubi ya faɗi warwas. Sanduk Ruit na Nepal da wasu takwarorinsa suka inganta aikin hannu mai ƙaramar tsaga wanda ba ya buƙatar na'urar fako, shi ne kuma aka fi yi a asibitocin Afirka.

A Najeriya asibitin ido na ECWA da ke Kano yana aiki tun 1943, Cibiyar Ido ta Ƙasa kuma tana Kaduna. Amma binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 kan 'yan shekara 40 zuwa sama ya nuna yana ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makanta. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana kwantar da ita aka yi, abin ya fi yawa a arewa, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanu makafi ne. Nisan asibiti, kuɗin mota da na aiki, rashin mai rakiya, da tsoron wuƙa su ke sa dattijon ƙauye ya miƙa idonsa ga mai allurar da ya iske shi har gida, ya kuma yarda a biya shi da hatsi ko dabba.