Karatun Rani: Asalin Makarantar Da Ke Tashi Bayan Kaka

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, da zarar an ɗaure gero an kai rumbu, an sare dawa, hunturu ya fara busawa, sai aikin gona ya tsaya cak har wata shida ko bakwai. Tun kaka da kakanni mutanen wannan yanki ba su yarda wannan dogon lokaci ya tafi a banza ba. Magidanci ya tafi cin rani, yaro kuma a damƙa shi a hannun malami, ya rataya allo, ya naɗe 'yar tabarmarsa, ya ɗauki ƙwarya, su kama hanya zuwa wani gari inda za su yada zango su yi karatu har sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wannan shi ne karatun rani, makarantar kwana ta talaka, wadda ba ta da gini, ba ta da rajista, amma tana da ranar fita da ranar komawa gida.

Saiwar al'adar ta girmi jihadi, domin tun zamanin Gobir da Kabi da Zamfara malamai na yawo da almajiransu. Sai dai Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya ba ta martabar da ta sa ta kafu daram a nan. Ya fara wa'azi wajen 1774 yana ɗan shekara ashirin, kuma bai zauna Degel yana jiran a zo a same shi ba. Ya ratsa ƙasar Kabi, ya yi kimanin shekara biyar a Zamfara, ƙanensa Abdullahi na biye da shi, ɗalibai na kwana inda ya kwana, suna cin abin da ya samu. Bayan hijira zuwa Gudu a 1804, jama'a ta zauna Gwandu a 1805, daga baya Shehu ya koma Sifawa, sannan Sakkwato a 1815. Duk wanda ya san ƙasar ya san Gwandu da Tambuwal maƙwabtan juna ne. Ɗan Shehu, Muhammadu Buhari, malami kuma mawaƙin Larabci, shi ya riƙe Tambuwal a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron kan iyaka, kuma ribaɗi a tsarin daular ba sansanin mayaƙa ba ne kawai, wuri ne da ake zaunar da mutane a koya musu addini. Ta haka garuruwan kudancin Sakkwato suka tashi da zaurukan karatu tun daga tushe.

Mata ma suna da nasu kason, abin da ake yawan mantawa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jaji, dattijuwa mai malfa a ka, take jagorantar matan ƙauye su yi tattaki zuwa wurinta, su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Su ma sai an gama aikin gona suke samun sararin wannan tafiya.

Yadda ake yini a zangon karatu shi ya fi cancantar a tsaya a kai, domin a nan ne ake gane abin da iyaye ke nema. Malami kan sauka a garin da yake da sani, mai gari ko wani attajiri ya ba shi zaure, ko a kafa bukkokin kara a bayan gari. Tun kafin assalatu gardi ke tada yara. A sanyin hunturu babu abin da ke fitar da yaro daga cikin tsumma sai wuta, don haka kowane almajiri yana da nauyin kawo itace da yamma, a tara a tsakiyar fili. Wutar nan ita ce fitila, ita ce bargo. A kewaye ta, kowa ya kafa allonsa a gwiwa, ya karkata shi wajen haske, murya ta tashi, wannan na farkon babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na gefe yana tsakiyar izu, duk a lokaci guda, amma kunnen malami na tsinto kuskure ɗaya daga cikin hayaniyar. Idan rana ta ɗaga, wanda ya riƙe karatunsa ya durƙusa gaban malami ya ce, Allah gafarta Malam, zan biya. In ya biya daidai, a ce ya je ya wanke. Ya wanke allon, ya jingine shi a rana ya bushe, ya fiƙe alƙalaminsa na gamba, ya tsoma a tawadar da aka dafa da gawayi da ƙaro, ya rubuta ƙari.

Hantsi lokacin neman abinci ne, kuma a nan ne ake yi wa tarihin nan gurguwar fahimta. A ƙauyen da ke da gida ɗari, almajirai ashirin ba nauyi ba ne. Kusan kowane yaro yana da uwar ɗaki, matar da yake ɗebo wa ruwa, yake kai wa niƙa ko saƙo kasuwa, ita kuma ta ajiye masa tuwonsa da ɗumame, in ya yi zazzaɓi ta san da shi. Manya kuwa ba sa bara. Suna ɗinkin hula, suna saƙar tabarma da igiya, suna ƙwadago a fadama. Bayan azahar a koma allo, bayan isha'i a sake kewaye wuta. Daga yammacin Laraba zuwa Juma'a ana hutu, a yi wanki, a yi aski, a yi kokawa da langa a dandali. Abotar da ake ƙullawa a wannan zama takan kai har tsufa, ka ji dattijo na kiran wani ɗan'uwana, alhali abin da ya haɗa su wutar karatu ce ta shekara hamsin baya.

Sakkwatawa sun bambanta da mutanen gabas a nan. Wanda ke son haddar Alƙur'ani ta ƙwarai yakan nufi gabas, wajen Haɗeja da Barno, inda tsangaya ta yi ƙarfi. A nan yamma, yaro na sauka sai a miƙa shi zaure ya fara Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala. Rani guda kan ishi saurayi ya sauke ƙaramin littafi, ya dawo gida ya san hukuncin sallarsa.

Wasu al'ummu sun gano wannan dabara ta tasu hanyar. Yahudawan Amurka, da suka ga 'ya'yansu na tashi a cunkoson birane suna nisa da addini da harshen kakanninsu, sun fara kai su sansanin hutu a daji. An kafa sansanin Ramah a jihar Wisconsin a 1947, inda yara ke kwana tare na makonni, su yi addu'ar safe, su koyi Ibrananci, su kiyaye Asabar. Hikimar ɗaya ce, wato abin da yaro ya koya yana kwana da tashi cikin tsaransa ya fi zama a zuciya. Sai dai su kuɗi suka tara, suka gina ɗakuna da ɗakin magani, mu kuwa muka dogara da rumbun maƙwabci. A ƙasar nan ma Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, MSS, wadda aka kafa a Legas a 1954, tana da zaman hutu da ake kira IVC, inda 'yan boko ke kwana a makaranta na 'yan kwanaki suna ɗaukar darasin addini.

Rumbun maƙwabcin nan ne ya fara girgiza. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, zakkar da ke tallafa wa malamai ta fita daga hannun hukuma, haraji ya koma na tsabar kuɗi, kuma neman kuɗin ya kori maza daga ƙauyuka kowane rani. Binciken da wani masani mai suna Mansell Prothero ya yi a ranin 1952 zuwa 1953 ya ƙidaya fiye da mutum dubu ɗari biyu da suka bi hanyoyin fita daga lardin Sakkwato, kuma babbar hanyar kudu, wadda ta nufi Jega da Yawuri da Kwantagora, ta cikin Tambuwal ta ratsa. Malamai suka bi sawun 'yan cin rani zuwa birane. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙarasa abin da ya rage. Uban da rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara ba ya ɗokin yaro ya dawo, malamin da ya ɗanɗana zaman birni shi ma ba ya ɗokin komawa gona. Tafiyar wata shida ta zama ta shekara uku, ta shekara biyar, a garin da babu uwar ɗaki, sai tasha da bakin shago. A ganina nan ne aka yi asarar gaske, domin damina ce ke tilasta wa uba ya ga ɗansa, ya duba jikinsa, ya ji karatunsa, ya yanke shawarar ko zai sake ba malamin nan shi baɗi.

Hukuma ta yi ta gwada gyara. A Afrilun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar kwana ta almajirai a Gagi, cikin Sakkwato. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu a manyan motoci, a 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Har yanzu akwai malaman ƙauye a Dogon Daji da Jabo da Kuchi da ke riƙe da tsohon tsari, su fita bayan kaka su dawo kafin shuka, amma rashin tsaro ya ƙuntata musu. A Maris na 2024 'yan bindiga sun kwashe almajirai 15 cikin dare a Gidan Bakuso, ƙaramar hukumar Gada, kuma tun daga nan malami kan yi dogon tunani kafin ya kwana da yaran mutane a bukkar kara a bayan gari.