Yadda Amurka Ta Sami Jarumin Da Aka Kora Daga Makaranta

Wanda ya tashi da karatun Ganɗoki ya san jarumi da doki da takobi da maza a kwance, kuma Turawa ma da irin wannan suka fara. Shi ya sa aka yi ta gardama a Amurka tun 1951, lokacin da J. D. Salinger ya fitar da littafinsa The Catcher in the Rye. Tauraron labarin, Holden Caulfield, ɗan shekara 16 ne da aka kora daga makarantar kwana bayan ya faɗi darussa huɗu cikin biyar. Ya shiga gararamba a New York gab da Kirsimeti, ga taba, ga giya, ga sharara ƙarya, ƙarshe daga wurin jinya yake ba da labarin. A ganina ya cancanci a kira shi jarumi, amma ba za a gane dalili ba sai an dubi yadda ƙuruciya ta sauya a ƙasar.

A ƙarni na 19, yaron Amurka mai shekara 14 yawanci yana gona ko masana'anta. Huckleberry Finn na Mark Twain, wanda ya fito a Amurka a 1885, ɗan mashayi ne marar tarbiyya, amma yana da kogin Mississippi da haɗarinsa. Ya rubuta wasiƙar tona asirin Jim, bawan da ya gudu, sannan ya yayyaga ta alhali ya yi imani wuta zai shiga saboda haka. Ɗakin karatu na garin Concord ya haramta littafin a shekarar, yau kuwa da wuya a sami mai musun bajintar Huck. Daga baya sai filin ya ƙuntata. A 1904 masanin halayyar ɗan'adam G. Stanley Hall ya rubuta littafi mai juzu'i biyu yana cewa balaga zango ne mai zaman kansa, cike da ruɗani. Dokar ƙwadago ta 1938 ta taƙaita sa yara aiki, makarantun sakandare suka cika. Aka wayi gari da miliyoyin samari masu ƙarfin manya, ba sana'a a hannu, ba ta cewa a gida. Faɗan irin wannan yaro a zuci yake. Salinger kuwa ya san ɗaya faɗan, domin yana cikin sojojin da suka sauka a Normandy a 1944, har ya kwanta asibiti a Jamus a 1945. Da gangan ya zaɓi wannan yaron.

Masu suka na cewa ɗan masu kuɗi ne mai ƙorafi, kowa munafuki ne a wurinsa, kuma bai tsinana komai ba. Akwai gaskiya a ciki, yaron yana da gajiyarwa. Sai dai sukar ta tsallake ƙaninsa Allie, wanda sankarar jini ta kashe yana ɗan shekara 11. A daren rasuwar Holden ya farfasa tagogin garejin gidansu da hannu, har yanzu hannun ba ya dunƙuluwa sosai, kuma yana yawo da safar wasan ƙwallon marigayin. Makoki ne da babu babban da ya zauna ya taya shi. Duk da wannan nauyi, da ya shirya tserewa yammacin ƙasar, ƙanwarsa Phoebe 'yar shekara 10 ta zo tana jan ƙaton akwati wai za ta bi shi. Nan take ya fasa tafiyar, ya yarda ya koma gida ya fuskanci iyayensa don kada ta lalace tare da shi. Abin da Huck ya yi ke nan, ya sadaukar da mafitarsa saboda wani, illa dai babu kogi babu bindiga.

Suka mafi nauyi ita ce ta tasiri. An sallami wata malama a Tulsa a 1960 don ta sa ɗalibai karanta littafin, kuma Mark Chapman yana ɗauke da shi sa'ad da ya harbe mawaƙi John Lennon a 1980. Amma Holden na cikin littafin ba ya iya dukan kowa, shi ake duka, kuma babban burinsa ya tare yara kada su faɗa rami. Chapman ya ɗauki fushin ya bar tausayin. Marubutan da suka biyo baya sun riƙe duka biyun, kamar S. E. Hinton, wadda tana sakandare ta rubuta The Outsiders, aka buga shi a 1967, labarin wasu yaran talakawa 'yan daba da suka kutsa cikin cocin da ke cin wuta suka fito da ƙananan yara.